Kunnen Cekura na Hagu

Shafi na 17

Masu zagin Masaran a ƙarƙashin shafin jiya, wai yarinya ce marar kunya, na ga saƙonninku duka. Ku karanta wannan tukuna, sannan mu yi magana.

*

Minti ashirin da fara kiɗa, Masaran ta tabbata abin ya fi na makon jiya lalacewa.

'Yan ƙungiyar Wulada ba sa kiɗa irin na gidan biki, a yi waƙa a tafa a shiga wata. Waƙa guda suke ɗauka bayan la'asar, su bi ta yadda kowa ya san ta, sannan su sake ta su shiga daji. Mai balafo, abin kiɗan katako da ake bugawa da sanduna, ya ja nan, mai ganga ya ja can, jitar tsoho Cekura Jara tana gaba tana neman hanya. Wani lokaci rabin sa'a, wani lokaci har inuwar maɗacin da ke tsakar gidan kiɗa na Jalakoro ta kai bakin ƙofa. Sai kowa ya fid da rai, sannan Cekura ya juyo da su, su faɗo kan waƙar gaba ɗaya, kamar ba su taɓa barin ta ba. Dawowa gida, haka masoyansu ke kiran wannan wurin. Dominsa ake ƙetaro gada daga kowace kusurwa ta Bamako duk Lahadi, yau shekara talatin da ɗaya.

Yau Cekura ya dawo gida shi kaɗai.

Ya riga sauran da taku guda. Nfali mai balafo ya biyo shi da gudu yana rufe ɓarakar, mai ganga ya haɗiye bugu ɗaya don su daidaita. Jama'a kuwa suka ɗauki ihu da tafi kamar ba abin da ya faru. Mutanen da ke iya kwana suna musu kan wace Lahadi ta fi wace daɗi a shekarar da aka yi ambaliya, su ne wai yau ba su ji komai ba.

Cekura kuma yana can ƙuryar dandamali, bayansa manne da lasifikar da ta fi shi tsawo. An ƙure ta har kofunan shayi na rawa a kan tebur.

Shekara shida Masaran tana aikin gwajin ji a sashen kunne na asibiti. Ta san yadda mutum ke kallon leɓe maimakon ido. Ta san dariyar da ke zuwa bayan ta kowa. Kunnen dama na Cekura ya tafi, wannan ko gwaji ba ta buƙata. Na hagun ne ya rage, kuma shi ne wannan lasifikar ke ci duk mako.

Sau uku tana faɗa masa. Sau uku ana dariya.

Ita 'yar dangin Tarawele ce, shi ɗan dangin Jara. Tun kakanni abokan wasa ne, duk abin da ta gaya masa zolaya ce. Ranar farko da ta ce, “Tsoho, ka kurumce fa,” har ƙasa wani ya faɗi don dariya, Cekura kuma ya ce wake ne ya yi mata yawa a ciki har ya hau mata kai.

Ana tsayawa hutun shayi ta miƙe.

Ba ta kai ƙofar ɗakin makaɗa ba Tanti Sitan mai gidan ta sha gabanta, da farantin soyayyar ayaba a hannu.

“Ina zuwa da wannan fuskar kamar an aiko ki karɓar gawa?”

“Wurin Baba Cekura.”

“Zauna ki ci ayaba.”

“Na ƙoshi, Tanti.”

“Masaran.” Ta rage murya. “Na goya ki a gidan nan. Kin yi mini fitsari a zane a gidan nan, mahaifinki na can gaba da rakodarsa ko waiwayowa bai yi ba. Ina roƙonki, ki bar tsohon nan.”

“Ashe kin sani.”

“Me na sani?”

“Kin sani, Tanti. Nfali ya sani. Kowa a nan ya sani. Wa ke ƙara wa lasifikar nan murya duk mako? Aljani?”

Tanti Sitan ta ajiye farantin a kan taga.

“To, mun sani. Sai me? Mu hau dandamali mu yi shela? Mutum ya ba mu Lahadi sama da dubu, yanzu don ya ɗan yi tuntuɓe...”

“Ba tuntuɓe ba ne. Kunne ɗaya ya rage masa. In aka ci gaba haka, kafin damina ko kukan jikarsa ba zai ji ba.”

“Allah ne mai yi.”

“Allah ne ya murɗa lasifikar?”

“Kai! Bakinki!”

“Kuna sonsa ne, ko Lahadinku kuke so?”

Tanti Sitan ta daɗe tana kallonta. Sannan ta matsa gefe.

“Je ki. Ai ke Tarawele ce. Zai yi dariya, ki fito.”

*

Ɗakin makaɗa bai canza ba tun tana yarinya. Benci biyu, tabarmar salla, tsoffin hotuna da suka koɗe a bango. A ɗaya daga ciki ga mahaifinta, marigayi Sungalo Tarawele, da rakoda rataye a wuya, ita kuma tana zaune a kafaɗarsa da kitso biyu, ta kama masa kunnuwa kamar mai tuƙa babur. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ba ta iya kallon hoton sosai ba.

Nfali na zaune yana kurɓar shayi. Cekura ya ba ƙofa baya, ya duƙa kan jitarsa yana goge tsirkiya da tsumma.

Masaran ta tsaya a bayansa, ta wajen dama. Ta yi gyaran murya, ta faɗa a fili, kalma kalma:

“Baba Cekura, na yarda. Jara sun fi Tarawele. Ku ne iyayen gidanmu.”

Shayi ya sarƙe Nfali.

Ba a taɓa jin wannan maganar daga bakin Tarawele ba, ko a gadon mutuwa. Da wani Jara ne ya ji ta, da ya fita tsakar gida ya tara shaidu, ya sa a buga ganga.

Cekura ya ci gaba da goge tsirkiyarsa.

Ta maimaita, da ƙarfi.

Shiru. Tsumma na kai da komo.

Ta dubi Nfali. Ya sunkuyar da kai, ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga.

Sai ta zagayo gabansa, ta durƙusa ta wajen hagu inda zai ga bakinta.

Fuskarsa ta washe.

“A'a! Baiwata ce! Yaushe kika shigo? Nfali, ɓoye tukunyar wake, Tarawele ta iso.”

“Baba, ba wasa na zo yi ba.”

“Tarawele ba wasa? To me ya rage muku?”

“Na tsaya a bayanka yanzu na yi magana sau biyu.”

“Na ji ki. Ƙyale ki na yi. Bawa ba ya yi wa ubangijinsa magana ta baya.”

“Me na ce?”

Ya yi dariya. Ya dubi Nfali. Nfali bai ɗago ba.

“Me na ce, Baba?”

“Shirmenku na kullum.”

“Nfali, gaya masa.”

Nfali ya mayar da tabaransa. Ya juyo da fuskarsa sosai wajen Cekura, yadda duk 'yan ƙungiyar suka koyi yi ba tare da sun taɓa faɗa wa juna ba.

“Cewa ta yi Jara sun fi Tarawele, Yaya. Sau biyu. Ni shaida ne.”

Dariyar ta tsaya a fuskar tsohon, ba ta ci gaba ba, ba ta kuma sauka ba. Ya ninke tsumman gida huɗu, ya ɗora a gwiwa.

“Kash,” ya ce a hankali. “Shekara saba'in ina jiran wannan maganar.”

Ba wanda ya yi dariya.

“Nfali, je ka duba ko an gyara ganga.”

Nfali ya fita, ya ja ƙofa.

Masaran ta matso. Duk abin da ta tara na wata da watanni ya taso mata.

“Baba, ka zo asibiti. Ni zan gwada ka da kaina, ba wanda zai sani. Na hagun yana da saura. Akwai na'ura 'yar ƙarama da ake sa wa a kunne. Amma sai ka rabu da lasifikar nan, yau, ba gobe ba. Me kake nema a jikinta? Kashe ka take yi!”

“Ganga nake nema.”

“Ganga?”

“A bayana nake jin ta. A ƙashin baya.” Ya taɓa ƙugunsa. “Sai dai tana iso mini a makare, ko a cakuɗe. Shi ya sa kika ji abin da kika ji ɗazu. Kin ɗauka ban san na riga su ba? Na ga fuskar Nfali.”

“To da can fa? Bara ba ka jingina da ita.”

Ya ɗaga kai ya dubi hoton bango.

“Bara ina da Sungalo.”

Ya juyo ya dube ta.

“Ina mahaifinki ke tsayawa?”

“Gindin maɗaci. Wajen saiwar nan da ta fito.”

“Kullum?”

“Kullum. Ya ce a nan rakoda ta fi ɗaukar sauti.”

“Kin saurari kaset ɗin da ya bari?”

Ta saurara mana. Kwali goma sha ɗaya, kowane kaset da rubutun hannunsa: *Lahadi, ruwa ya tsaya da azahar, Cekura ya yi fushi da Nfali, kiɗa ya yi daɗi.* *Lahadi, Masaran ta fid da haƙori.* Da su ta yi zaman makoki.

“Na saurara. Kwalin ƙarshe ne kawai ya lalace. Akwai rubutu, amma ba komai a ciki sai shuu. Ina jin danshi ne.”

“Ba danshi ba ne. Rakodar ta mutu shekara biyar da suka wuce.”

“Ta mutu?”

“Ya ci gaba da rataya ta ne don kada a tambaye shi me yake yi a wurin. Shi ya fara ganewa, tun kafin ni kaina in yarda. Ya zo ɗakin nan ya ce, ‘Kai kurman Jara, daga yau ka riƙa kallon kafaɗata.’ Kafaɗarsa ta dama. Tana sauka, ganga ta sauka. In lokacin dawowa gida ya yi, sai ya taɓa hularsa. Mutane sun ɗauka rawa yake yi.” Ya girgiza kai. “Sungalo da rawa! Ko a bikin aurensa sai da aka roƙe shi ya zauna.”

Masaran ta miƙe tsaye. Idonta ya cika, amma ba kuka ne ya fara zuwa ba.

“Shekara biyar.”

“Ki juyo, ba na ganin bakinki.”

Ta juyo.

“Na ce shekara biyar! Ina cikin gidansa, ina fita aiki duk safiya da farar riga, ya san aikin da nake yi! Da ya kawo ka tun lokacin, da yanzu... Me ya sa ba wanda ke iya buɗe baki a garin nan sai an mutu?”

“Ni na hana shi.”

“Don me?”

“In sa abu a kunne, kowa ya gani?”

“Nfali na sa tabarau! Wa ya zage shi?”

“Nfali da ido yake kiɗa?” Muryarsa ta ɗaga, irin ɗagawar wanda ba ya jin kansa. “In makaɗi ya makance, mutane cewa suke yi baiwarsa ta ƙaru. In ya kurumce fa? Za su ci gaba da zuwa, na sani. Za su tafa. Amma don tausayi za su tafa. Ni ban ɗauki jita don a ji tausayina ba.”

“Yanzu ma abin da suke yi ke nan, Baba.”

Maganar ta fita kafin ta tare ta. Ta ga inda ta same shi.

Daga waje an fara taɓa ganga, ana kiran sunansa.

Ya ɗauki jitar, ya rataya. Sannan ya yi abin da ba ta taɓa zato ba: ya kama hannunta da hannu biyu.

“'Yar Sungalo. Jara ne ke roƙon Tarawele. Kin san ba a mayar da wannan roƙon.”

“Kada ka yi mini haka.”

“Ki tsaya mini a gindin maɗaci.”

“Ban iya ba.”

“A kan kafaɗar nan kika girma. Kin iya.”

Ta so ta ce a'a. Ta san in ta tsaya yau, za ta tsaya mako mai zuwa, ta zama ita ma cikin masu rufa-rufar da ta gama zagi. Amma in ta ƙi, lasifika zai koma.

“Da sharaɗi biyu,” ta ce. “Ka bar jikin lasifikar nan, ka matso gaba. Kuma ran Talata ka zo asibiti.”

“Na farko na yarda.”

“Na biyun fa?”

“Talata tana da nisa, mai cin wake. Mu ga magariba tukuna.”

*

Da ta isa gindin maɗaci, saiwar na nan yadda ta san ta, ta yi sumul saboda takalmin mutum ɗaya. Ba wanda ya tsaya a wurin tun wata bakwai. Wani dattijo ya gan ta, ya taɓa na kusa da shi, suka bi ta da kallo.

Ƙamshin gasasshen kifi na tasowa daga bayan gida. Iska ta kaɗo daga kogi. Mai ganga ya buɗe, Nfali ya shiga, ita kuma ta tsaya kamar itace, ba ta san abin da za ta yi da jikinta ba.

Sai kafaɗarta ta sauka da kanta.

Ta sake sauka.

Cekura ya bar jikin lasifika, ya tako gaba, idonsa a kanta. Ya saki tsirkiya guda, ta faɗa daidai kan gangar, ba gaba ba baya.

Wata mata ta yi guɗa.

Suka bi waƙar sau biyu suka sake ta. Masaran ba ta ƙara sanin inda take ba. Wannan kiɗan ta sani, shi ne na cikin kwali na farko da na biyu, na shekarun da take barci a bayan Tanti Sitan ana bugawa, ta farka ana bugawa. Jitar na tambaya, balafo na amsawa, ta sake tambaya ta wata hanya. Nfali na dariya shi kaɗai. Tanti Sitan ta fito daga wajen girki da ludayi a hannu, ta cire ɗankwalinta ta jefa a dandamali. Tsofaffin da gwiwa ta hana su tashi tun bara suka miƙe.

Hawaye na zuba a fuskar Masaran, kafaɗarta ba ta tsaya ba. Wani ɓangare na zuciyarta na cewa, *ashe abin da mahaifina ya kasa rabuwa da shi ke nan.*

Cekura ya ƙara taku ɗaya. Ya ƙara wani. Ya iso bakin dandamali, inda bai taɓa tsayawa ba, ya sauko da ƙafa ɗaya kan matakala. Kiɗan ya kama shi, ya daina buƙatar kallonta. Ya rufe ido, ya ɗaga kan jitar sama, ya sauko da ɗaya ƙafar.

Wayar jitar ba ta kai nan ba.

Wayar ta miƙe, ta ɗaure, ta fizge daga jikin akwatin sautinta, ta faɗo ƙasa tana jan ciki a bayansa.

Muryar jita ta ɗauke ɗif.

Cekura bai sani ba.

Yatsunsa na gudu a kan tsirkiya, fuskarsa cike da murna, yana lanƙwasa baya yana cije leɓe. Mai ganga ya ci gaba na ɗan lokaci, yana waige-waige. Nfali ya yi ƙoƙarin cike gurbin, hannunsa ya mutu a hanya. Ganga ta tsaya. Masu rawa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a sama.

Mutum kusan ɗari biyu a tsakar gidan, ba ka jin komai sai ƙyas-ƙyas ɗin busasshiyar tsirkiya, da tsohon da ke gurnani a maƙogwaro yana bin kiɗan da ke cikin kansa.

Ba wanda ya motsa ya ɗauki wayar. Masaran ma ta kasa.

Ya kai ƙarshen tafiyarsa, ya buɗe ido yana murmushi, yana neman alamar dawowa gida a wurinta.

Ya ga kafaɗarta a tsaye.

Ya dubi Nfali, ya ga sandunan balafo a kan cinyarsa. Ya dubi jama'a. Sannan a hankali ya waiwaya, ya bi wayar da ido har inda bakinta ke kwance cikin ƙasa.

Ya juyo wajen Masaran.

“Tun yaushe?”

Ta amsa ƙasa-ƙasa. “Tun da ka sauko, Baba.”

Ya zuba wa bakinta ido. Leɓenta na rawa, bai iya karanta komai ba.

Sai Cekura Jara ya ɗaga hannu a gaban kowa, ya kai bayan kunnensa na hagu, ya karkato da kai.

“Ɗaga murya, 'yata,” ya ce. “Ba na ji.”